Yadda Ake Wanke Daɓen Rukam da Giranit Wankin Ƙwararru a Gidajen Makka da Jidda

Da wuya ka shiga filla (babban gida mai zaman kansa) ko shagga (sashen haya a bene) mai ɗan hali a Jidda ko Makka ba ka taka rukam ba, wato mabul ɗin da aka sani a gida. Yana majalisa, wato falon baƙi, yana kan matakala, yana bakin ƙofa, wani lokaci har banɗaki. Idan Sha'aban ya kama, kowace Hajiya tana neman mai wanke mata gida kafin azumi, bayan sallah kuma masu benayen Aziziyya da Misfala su fara shirin alhazai. Yaranmu da yawa a nan suke samun na kai, amma akasarinsu da bokiti da massaha (sandar janye ruwa mai bakin roba) kawai suka shigo sana'ar, suna yi wa dutse irin wankin da ake yi wa tayil. Sau da yawa daɓen da ya dushe a garuruwan nan mai wanki ne ya dusar da shi, tun dutsen bai tsufa ba.

Fara sanin dutsen da kake tsaye a kai

Kada ka sauke ko bokiti daga mota sai ka san abin da aka shimfiɗa. Duwatsun daɓe gida biyu ne. Gidan farko su ne masu sinadarin alli: rukam kowane iri, na Oman mai ruwan madara da ya cika gari, da Krema Marfil na Sifen, da farin Karara na Italiya, sai tarafantin mai ramuka da ake kawowa daga Turkiyya, da dutsen Riyad mai ɗan rawaya. Duk waɗannan asid yana cin su. Gida na biyu shi ne giranit, irin wanda ake fasowa a Najran, mai ƙwaya-ƙwaya kamar an barbaɗa gishiri da barkono. Shi yana da tauri, kuma tsamin kicin ba ya yi masa komai nan take. A ma'aunin taurin duwatsu na Mohs rukam yana wajen 3, giranit tsakanin 6 da 7, yashin da iska ke shigowa da shi kuma 7. Ka ga ke nan ƙwayar yashi ɗaya a ƙarƙashin takalmi ta isa ta karce rukam.

Idan ido bai raba maka ba, nemi lungun da ba a gani, bayan ƙofa ko ƙarƙashin inda kabad ke zama, ka ɗiga lemon tsami ɗigo ɗaya. Jira minti ɗaya, ka goge, ka haska fitilar waya ta gefe. In wurin ya yi fari-fari ya rasa ƙyalli, dutsen alli ne. In bai nuna komai ba, ko giranit ne ko kuma tayil ɗin borsalan da aka zana masa jijiyoyin rukam. Shi borsalan yana tona kansa: duba da kyau za ka ga zane ɗaya yana maimaituwa a kan tayil daban-daban, abin da dutsen Allah ba ya yi. Tsofaffin gidajen Hindawiyya da Karantina kuma suna da balat mozaiko, ɓarɓashin rukam ne a cikin siminti, don haka dokar rukam ce a kansa.

Gwaji na biyu na ruwa ne. Zuba cokali ɗaya a wuri mai tsabta ka bar shi minti 5 zuwa 10. In ka goge ka tarar wurin ya yi duhu, dutsen a buɗe yake, yana shan ruwa kamar sabuwar randa, kuma duk abin da ka zuba masa zai shige ciki. Na uku, ɗan kankari gefen bango da reza a kwance. In wani abu mai kama da kakin kyandir ya taso, an taɓa shafa masa shama'a, wato kakin sa ƙyalli, kuma sai an cire ta kafin wanki ya kai ga dutsen.

Daga nan sai ka zagaya da mai gida ko uwargida, kana nuna musu abin da ka gani. Wannan zagayen ya fi kowane sinadari muhimmanci a wurina. Datti daban, ƙunar asid daban. Farin zoben da gindin kofin lemo ya bari, ko farin tabon da ke gaban masai, ba datti ba ne, fatar dutsen ce ta cinye. Shafa da yatsa za ka ji kaushi. Ko kwana za ka yi kana wankewa ba zai fita ba, sai an yi masa jali, wato a goge fuskar dutsen da inji har ƙyalli ya dawo. Faɗa mata tun yanzu: "Hajiya, wannan da wancan wanki zai ɗauke su, amma na gaban banɗakin nan sai injin jali, kuma kuɗinsa daban." Ɗauki hotuna a gabanta. Wanda bai yi haka ba, idan an gama aiki shi za a ce ya ƙona daɓen.

Abin da ba ya shiga gidan

Flash da danginsa na wanke masai, da moya nar da magina ke cire siminti da ita, da khal (ruwan tsami na binega), da lemon tsami, da gishirin lemo, babu wanda ke kusantar dutsen alli. Flash asid ne mai ƙarfi, cikin daƙiƙu yake cinye ƙyallin da aka biya riyal mai yawa aka saka. Ko a kan giranit ban yarda da shi ba, domin yana cin tarwiba, wato simintin da ake cike layukan da ke tsakanin duwatsun da shi. Kuma kada a kuskura a haɗa shi da Clorox, wato ruwan bilic: haɗin yana tayar da iskar kulorin, wadda a cikin banɗaki rufaffe take iya kai mutum asibiti ko ma lahira. Omo da sabulun kwanoni ba sa ƙona dutse, amma suna barin dauɗar sabulu da ke kama ƙura, shi ya sa daɓen ke yin danƙo bayan kwana biyu. Soson ƙarfe na tukunya da koren soson nan mai kaushi suna karce rukam mai ƙyalli.

Abin da za ka riƙe shi ne sabulun dutse na ruwa wanda ba tsami ba kanwa, mai lambar pH 7, da wani mai ɗan ƙarfin kanwa, wajen pH 10, wanda aka rubuta a jikinsa cewa na dutse ne, don kicin da wuraren maiƙo. Sai inji mai faifai ɗaya na inci 17 mai juyi 175 a minti, da buroshinsa mai laushi, da farin soson inji da ja. Sai injin zuƙe ruwa, bokiti biyu, mofa mai tsabta, ƙaramin buroshin hannu, fararen tsummoki, leda da salatif na fenti, safar hannu da takalmin roba. In kuɗinka na inji ɗaya ne, sayi na zuƙe ruwa, ka yi hayar ɗayan.

Wankin kansa

A kwashe kaya gaba ɗaya, a ɗaga su, kada a ja. A naɗe kafet. Ƙafafun kabad da ƙasan ƙofofin katako a rufe su da leda da salatif, haka ma duk wani ƙarfe ko tagulla da ke taɓa ƙasa, don ruwa kan ƙarfe shi ke haifar da tsatsar da za ta zauna a dutse. Duba soket kafin ka jona inji, saboda tsofaffin gidaje da yawa a Makka da Jidda har yanzu suna da layin wuta mai ƙarfin bolt 127 a gefen na 220, kuma waya ba ta kwanciya cikin ruwa, rataye ta a kafaɗa.

Sai shara a bushe, kuma a yi ta da gaske. Injin shara mai bakin buroshi ya fi, a bi kusurwoyi da layukan tarwiba. Duk yashin da ka bari, injin wanki zai ɗauke shi ya yi ta niƙa shi a fuskar dutsen, ka wayi gari da zobba-zobban karce da kai ka saka su.

In akwai shama'a, yanzu ne lokacinta. Shafa maganin cire ta wanda ya dace da dutse, bar shi ya jiƙa yadda kwalbar ta ce, bi da jan soso, zuƙe, ɗauraye. Wurin yana santsi sosai a wannan matakin, taka a hankali.

Yanzu haɗa sabulun dutse da ruwa daidai awon da ke jikin jarkar. Yara suna son ƙarawa wai don ya fi fita, alhali ƙarin sabulu ƙarin ɗauraya ne kawai. Ruwan ma a duba shi. Ruwan famfon Makka da Jidda galibi na teku ne da aka tace a tashoshi irin na Shu'aiba, ba shi da matsala sosai, amma gidan da ke sayen wayit (ruwan motar tanka) na rijiya ruwansa yana iya zama mai gishiri, kuma in ya bushe zai bar farin hazo. A irin wannan gida, ɗaurayar ƙarshe a yi ta da ruwan tahaliya, wato tataccen ruwan sha na jarka.

Fara daga kusurwar da ta fi nisa da ƙofa. Yanki wuri kamar mita 2 a kan mita 2, shimfiɗa ruwan sabulun da mofa har ya jiƙe amma bai yi tafki ba, ka ba shi minti 5 zuwa 10. Wannan jiran shi ne rabin aikin, don a lokacin ne sabulu ke kwance maiƙo daga cikin ƙofofin dutsen. Sharaɗinsa ɗaya: kada ya bushe. A zafin Makka, ɗakin da aka kashe wa mukayyif, wato na'urar sanyaya ɗaki, zai shanye ruwan kafin ka juya, dattin da ya narke ya koma ya zauna fiye da da. Bar mukayyif a kunne, in ka ga gefe ya fara bushewa ƙara masa ruwa. Aikin haush (tsakar gida) da matakalar waje a yi shi bayan asuba ko bayan la'asar. Dama daga 15 ga Yuni zuwa 15 ga Satumba hukuma ta hana aiki a rana tsakanin 12 da 3, kuma dutse mai zafi ba ya wankuwa.

Kafin ka ɗora inji, bi layukan tarwiba da gefen bango da buroshin hannu, domin faifan inji yana tsallake su. Sannan inji: buroshi mai laushi ko farin soso a kan rukam mai ƙyalli, jan soso a kan giranit da dutsen da ba a goge shi ya yi sheƙi ba. Baƙin soso ba na nan ba ne. Riƙe hannun injin daidai ƙugunka, ɗaga kaɗan ya tafi dama, sauke kaɗan ya dawo hagu, kada ka yi kokawa da shi. Kowane layi ya hau rabin na baya, ka bi wurin a tsaye sannan a kwance. Tarafantin da ba a cike ramukansa ba buroshi kawai yake so, soso ba ya shiga ramin.

Da ka ɗauke inji, abokin aikinka ya bi da injin zuƙe ruwa nan take. A nan ne wankin ƙwararre ya rabu da na kowa. Al'adar gari ita ce a kwarara ruwa da tiyo, a tura da massaha zuwa magudana. Mutane suna ganin ma'aikatan Harami suna yi wa farin rukam ɗin Tasos na Girka da ke filin ɗawafi irin wannan, sai su kwaikwaya a gida. Abin da ba su lura da shi ba, can ana killace wuri, a zuba, a goge, a janye ruwan, a busar cikin 'yan mintoci, da jerin mutane da injuna. A gida kuwa massaha tana tura baƙin ruwa ne ya bi ta kan kowane layin tarwiba, kowane layi ya sha rabonsa, sauran ya gangara ƙarƙashin dutsen ya zauna cikin yashi da simintin da aka ɗora shi a kai. Bayan makonni sai ya dawo sama da gishiri, fari-fari a bakin layuka. Farin Karara kuma yana da ɗan ƙarfe a jikinsa, in ya daɗe cikin danshi sai ya fara yin rawaya daga ciki, rawayar da ba kasafai take fita ba. Dattin da ya narke a ruwa bai bar gidan ba sai ruwan ya shiga tankin inji.

Ɗauraye da ruwa mai tsabta, zuƙe, sake ɗaurayewa, sake zuƙewa. Goga farin tsumma a ƙasa: in ya fito fari, kuma tafin hannunka bai ji santsin sabulu ba, matsa zuwa yanki na gaba, kana ɗan hawa kan wanda ka gama don kada layi ya fito tsakaninsu. Canza ruwan ɗauraya da zarar ya fara gurɓata. Kicin da wurin cin abinci, inda man shinkafar kabsa ya shekara yana sauka, su ne za ka yi wa da sabulu mai ƙarfin kanwa, wataƙila zagaye biyu, sannan ɗaurayar ta zama sau uku.

Tabon da ya shige ciki

Idan daɓe ya bushe za ka ga abin da ya rage. Waɗannan tabo ne da suka nutse, kuma ba a goge su, jawo su ake yi da liƙi. Ana kwaɓa gari mai shan ruwa, farar ƙasa ko garin alli ko bikarbonat, da maganin da ya dace da tabon, har ya yi kauri yana tsayawa a cokali.

Tabon gahawa, shayi, karkade (zoɓo) da lalle, waɗanda su ne suka fi yawa a majalisun nan, maganinsu ruwan haidurojin (hydrogen peroxide). Na kantin magani mai kashi 3 cikin 100 yana da rauni, mai kashi 12 da ake samu wurin masu kayan gyaran gashi ya fi aiki, amma nemi na ruwa garai, kuma sa safar hannu don yana ƙona fata. A kan dutse mai haske kawai ake sa shi, baƙin rukam ko giranit mai duhu yana iya kodewa. Tabon mai, ko na girki ko na turaren udu da ya zube, yana yin duhu ba tare da launi ba, shi kuma asiton, sinadarin narkar da maiƙo mai saurin kama wuta, ake kwaɓawa da shi, a buɗe taga, a nisanta kaskon turaren wuta. Tsatsa daga gindin tukunyar gas ko ƙafar kujera ita ce mai taurin kai. Tana da maganinta na musamman wanda ba asid ba, kuma karanta kwalbar da kyau, domin wasu magungunan tsatsa suna ɗauke da asid ɗin haidurofulorik da ke cin giranit ma.

Ɗan jiƙa wurin da ruwa, shafa kwaɓin kaurin rabin santimita, ya wuce bakin tabon kaɗan. Rufe da leda, liƙe gefuna da salatif, huda ledar wuri biyu ko uku. Bar shi awa 24 zuwa 48, sannan cire ledar ka bar shi ya bushe ƙarau, saboda a bushewar ne yake tsotso tabon. Kankare da filastik ko katako, ɗauraye, jira wurin ya bushe kafin ka yanke hukunci. Tsohon tabo yana iya neman a maimaita sau biyu ko uku, wani kuma zai yi sauƙi ne kawai bai ɓace ba. Gaya wa mai gida haka tun farko, kuma ka sa kuɗin dawowar cikin ciniki.

Garwashin turaren wuta da ya faɗo ya ƙona dutse ba ya jin liƙi, aikin jali ne. Farin gishirin da ke tasowa kuma a share shi a bushe, kada a sa masa ruwa, a nemo inda danshin ke fitowa. Sau da yawa bututun mukayyif ne ko banɗakin da ke bayan bangon.

Cike layuka, jali da rufewa

Inda tarwiba ta zube ko dutse ya tsage, a kankare wurin, a busar, a cike da joli, wato gam ɗin cike dutse, mai launin dutsen. Ana haɗa shi da ɗan maganin daskarewa, kuma yana kamawa cikin mintoci, don haka kwaɓa kaɗan-kaɗan.

Jali sana'a ce mai zaman kanta, kuma wanda bai zauna ƙarƙashin mu'allim , wato gwanin sana'ar, ya koya ba kada ya fara a majalisar mutane. A taƙaice, ana bin dutsen da faifan almas (daimon) da ruwa, daga mai kaushi zuwa mai laushi: 50, 100, 200, 400, 800, 1500, 3000. Ƙunar asid mara zurfi ana iya fara ta daga 400, karce mai zurfi ko bakin dutsen da ya fi ɗan'uwansa tudu shi ke sa a sauka ƙasa. Ba a tsallake lamba, kuma ana zuƙe farin ruwan tsakanin kowace lamba da ta gaba. Ba a yin sa a bushe, musamman giranit, wanda ƙurarsa ke lalata huhu. Ƙarshe a bi da garin ƙyalli da farin soso.

Akwai kuma kiristal, wani maganin sa ƙyalli wanda ake fesawa a bi da soson ƙarfe na inji. Masu gida suna sonsa saboda nan take daɓe ke zama madubi, kuma yana da arha. Ni dai ba na yin sa a kan dutsen da ke da danshi a ƙasa ko wanda bai gama bushewa ba, kuma ba na yin sa don rufe datti. Wanda ya zo maka da farashi rabin na kowa, ya ce zai gama filla a yini ɗaya, yawanci kiristal zai fesa a kan daɓen da bai wanku ba, ɓarɓashin soson ƙarfensa kuma ya maƙale a layuka ya yi tsatsa daga baya.

In gwajin ruwan farko ya nuna dutsen yana sha, a rufe shi da azil, wato maganin hana dutse shan ruwa, mai shiga cikin dutse, ba mai kwanciya a sama kamar fenti ba. Sai daɓe ya bushe sarai, awa 24 aƙalla, a raɓar Jidda kuma gara a ba shi kwana biyu ko uku da mukayyif a kunne. Liƙa ɗan yankin leda a ƙasa ka bar shi ya kwana: in da safe akwai gumi a ƙarƙashinta, ƙara jira. Shafa azil da tsumma ko abin shafa mai laushi, yanki-yanki, bar shi ya sha na mintocin da kwalbar ta faɗa, sannan goge duk abin da ya rage a sama kafin ya bushe, in ba haka ba zai bar danƙo da zane. Dutsen Riyad da tarafantin suna iya neman shafi biyu, wasu baƙaƙen giranit kuwa ba sa sha ko kaɗan, sa musu asara ce. Azil yana jinkirta shigar tabo ne kawai, ba ya hana lemo ƙona rukam, kuma wannan ma a faɗa wa masu gida.

Kada a taka wurin na wasu awanni, kada ruwa ya taɓa shi sai bayan awa 24. Kayan ɗaki su koma da ɗan ƙyalle mai laushi a ƙarƙashin ƙafafunsu, kafet kuma ya jira kwana biyu. Kafin ka karɓi kuɗinka, nemi a kira mai aikin gidan, wadda sau da yawa 'yar'uwarmu ce, ka yi mata bayani da Hausa: "Yaya, shara a bushe kullum, mofa a matse ta sosai, murfi ɗaya na wannan sabulun a bokiti. In shayi ko lemo ya zube, a dangwale da tsumma nan take, kada a shafa shi ya bazu." A sa tabarmar goge ƙafa a waje da cikin kowace ƙofa, a kuma ɗauke kwalbar Flash daga banɗakin da ke da rukam a mayar da ita wanda ke da tayil.